Bidon Ruwan da Na Bari a Rillieux

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba, shi ya sa ma na samu bakin rubutawa. Inna tana lafiya, sai ciwon gwiwa. Ƙanwata Rabi ta haihu a Paris, namiji, an sa masa sunanka.

Ka tuna bidonka, jarkar ruwan nan da ka ɗinke da buhu? Ka bar tuƙin babbar mota tsakanin Agadez da Bilma tun ban san kaina ba, ka ƙare ƙarfinka a masana'antar Saint-Fons da ke gefen Lyon, amma bidon bai taɓa fita daga bayan motarka ba. A Lyon fa, garin da ruwan sama ke hana mutum shanya! In za mu Paris, duk motar da ta lalace a gefen hanya sai ka tsaya ka miƙa ruwa. Ni kuwa in nutse cikin kujera don kada Turawa su ga fuskata.

Da Inna ta gama takaba, ta ba ni makullin motarka. Bana da rani na ce bari in kai ta ta ga hamada, ko zuciyarta ta yi sanyi, tunda gida ba ya zuwuwa yanzu. Akwai wani gandun hamada a Sifen da hukuma ke karewa, duwatsu jajaye da ƙasa busasshiya. Ranar tafiya akwatuna suka yi yawa. Na ciro bidon na jingine a ɗakin ajiyar gidanmu na unguwar Rillieux, ban gaya mata ba.

Inna ta ji daɗin wurin, Baba. Ta yi ta nuna mini ƙayoyi tana kiran sunayensu, har dariya ta yi. Sai ga wani dattijo a gefen hanya da rana tsaka, motarsa na tururi, matarsa zaune a ɗan inuwar ƙofa, yana ɗaga gora babu komai ciki. Na rage gudu, na tuna abin da babu a bayan motar, na taka na wuce. Wai wani zai zo. Wane ne wanin, a wurin da muka daɗe ba mu ga mota ba?

Inna ta dafa kafaɗata ta ce in koma. Muka koma. Ta sauka da sandarta, ta sa na buɗe bayan mota a gaban mutanen. Ta dubi akwatunan, ta dube ni. Da zagina ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta ɗauko 'yar butarta ta alwala da ruwan shanta ta ba matar, ta zauna tare da ita har masu jan mota suka iso. Azahar ɗin ranar da taimama ta yi ta.

Tun dawowarmu ba ta sake shiga motar ba. Ko cefane a unguwar La Guillotière, bas take bi, da gwiwar nan tata. Kunya ta hana ni tambaya.

Jiya na fito da bidon. Buhun ya ruɓe, na sayo sabo, na zauna a bakin gininmu ina ta fama da allura kamar ban taɓa ganin hannunka yana yi ba. Inna ta sauko, ta karɓe allurar ta ɗinke shi tsaf. Ta cika shi da kanta, ta sa a bayan mota, ta buɗe ƙofar gaba ta zauna a inda take zama in kai ke tuƙi.

Allah Ya jiƙanka, Ya shayar da kai kamar yadda ka shayar da baƙi.

Ɗanka mai jin kunyarka,
Salisu