Zoben Kyamarar da Ka Aiko wa Baba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara, Allah ya ƙara rufa asiri, ya yi wa aiki albarka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Umma ta yi sauƙi har tana zagaya tsakar gida ba sanda, shagon hoto kuma yana tafiya, tun da Baba ya sakar mini shi ban rufe ba ko yini ɗaya. Baba ne dai sai a hankali, kuma a kansa na zauna rubuta maka, don in na kira ka a waya dariya za ka yi ka ce na cika mita.

Yaya, wallahi ka ba ni haushi. Ka tuna Baba ya ce yana so ya ɗora tsohon gilashinsa na kyamara, wanda ya ɗauke mu da shi tun muna rarrafe, a kan sabuwar kyamarar shago? Na ce maka ana buƙatar adafta, wani zoben ƙarfe da ke shiga tsakaninsu, amma ka dakata in turo maka ainihin irin da za ka nema. Ka ce ai zobe zobe ne, ka je ka ɗauko wanda hannunka ya fara taɓawa, ka aiko. Kuma don ƙarin abin takaici, saƙon ya iso ranar da na tafi da ɗaya kyamarar ɗaukar hoton ɗaliban da suka gama makaranta, Baba ne ya buɗe shi shi kaɗai.

Bari in yi maka bayanin da ka ƙi tsayawa ka ji. Gilashin Baba irin na da ne, murɗa shi ake yi kamar murfin kwalba. Ita kuwa sabuwar kyamara bakinta ba ya karɓar murɗi, wasu kunnuwa uku ne ke shiga gurbinsu, a juya kaɗan, sai wani ɗan fil mai sifirin ya faɗa raminsa ya yi ƙas, ya kulle. Aikin zoben na farko ke nan, gefe ɗaya murɗi, ɗaya gefen kunnuwa, kuma a nan naka bai yi laifi ba. Amma akwai aiki na biyu, wanda ya fi na farkon. Kowane gilashi an ƙera shi ne ya zauna a wata tazara daga allon da haske ke sauka a cikin kyamara, kuma kaurin zoben ne ke cike wannan tazarar. In ya yi kauri ko da kamar farce ne, gilashin ya yi nisa da allon, abin da ke kusa zai fito tar, na nesa kuwa ko ka juya saiti har ƙarshe ba zai fito ba. Naka ya yi kauri.

To ka ga abin da ya faru. Baba ya haɗa komai da hannunsa, ya ji ƙas ɗin nan, Umma ta ce har wani murmushi ya yi da ta daɗe ba ta gani ba. Ya fita ƙofar shago ya saita ƙarshen layi, can inda motocin haya ke sauke fasinja, sai ya ga dishi-dishi. Ya juya, ya goge, ya sake juyawa, babu. Kai ka san likita ya gaya masa hawan jinin ido na cin ganinsa a hankali, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa. Mutumin da ya yi rayuwarsa da gilashin nan ba zai taɓa zarginsa ba, kuma ba zai zargi abin da ɗansa ya aiko ba. Idonsa ya zarga. Ya mayar da kyamarar cikin jaka, ya shiga ɗaki, bai gaya wa kowa ba.

Daga nan ya daina zuwa shago. Ya daina zama a bencin ƙofar gida, abinci sai Umma ta yi da gaske. Rannan ya kira ni ya miƙo mini jakar, ya ce in riƙe, shi ya gama da ita. Na tambaye shi dalili, ya ce ba komai, tsufa ne. Sai da na matsa masa har na fara hawaye sannan ya ce ganin nesa ya tafi, kada in gaya wa Umma, kuma kada in gaya maka don kar hankalinka ya tashi a wurin aiki. Ka ji fa, kai yake tausayawa! Na ciro kyamarar a nan gabansa, na leƙa ta taga, na saita bishiyar bayan masallaci, ni ma dishi-dishi. Yaya, ban san lokacin da na yi ihu ba. Na ce masa in dai wannan ne makanta, to ni ma na makance.

Ana cikin haka sai ga Kawu mai gyaran famfo, ka san shi ba a yin magana a gabansa bai sa hannu ba. Ya ce duk abin da ke da murɗi in ya ƙi aiki to bai ɗauru ba ne, kafin in ankara ya zaro filaya daga aljihu ya cafke zoben, har yana cewa a kawo masa farin tef ɗin da yake naɗa wa bututu. Da ƙyar na ƙwace, ya riga ya bar masa shaidar haƙoran filaya. Ya tafi yana cewa 'yan zamani ba su san aiki ba. Ni kuwa na kwance 'yan sukurorin zoben, na shimfiɗa samfefa a kan gilashin tebur don ya ci daidai, na yi ta gogawa kaɗan-kaɗan, in mayar, in leƙa, in sake kwancewa. Yatsuna har yanzu zafi suke yi, kuma duk gogar da na yi da kai nake faɗa a zuciyata.

Da ya yi, na kai wa Baba ƙofar shago na sa masa a hannu. Ya daɗe yana leƙawa, sannan ya fara karanto mini rubutun jikin wata mota da ke tsaye a ƙarshen layi, harafi bayan harafi. Tun daga ranar ya dawo da zamansa. Kullum da la'asar yana kan benci da kyamara a cinya, duk motar da ta tsaya sai ya ɗaga ya saita masu saukowa. Na ɗauka gwaji yake yi, sai jiya ya ce mini rabonsa da ɗaukar ka hoto tun ba ka da gemu, kuma yana so ranar da za ka sauko daga mota ya zama shi ya fara ganin ka, ya ɗauke ka tun daga can kafin ka ƙaraso.

Zoben na gyara shi, Yaya, amma idon Baba ba ni da samfefar da zan goga masa. A zuwanmu asibiti na ƙarshe likita ya ce na hagun ya ƙara raguwa. Don Allah kada ka sake aiko mana da wani kaya. Ka nemi hutu ka zo da kanka, tun yana iya gane ka daga ƙarshen layi.

Umma tana gaishe ka, ta ce ka rage shan shayi. Gwaggo da Kawu suna gaisuwa, shi Kawu ya ce in gaya maka da an bar shi da tuni ya gama aikin. Ka gaishe mini da Anti, ka shafa mini kan Ƙaramin Baba da 'yar lukutata. Baba bai san na rubuto ba, yana waje a kan benci.

Ƙanwarka da ke fushi da kai har sai ka zo,
Auta