Ɗorawar da ta sha numfashina

Zuwa ga angona Sani, mai gudun cefane,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Ibadan, yaya karatu? Ina fata ciwon cikin nan ya sake ka. Mu nan Tsiga lafiya lau, sai dai ruwan sama da yake ta yi mana rowa.

Kawunka Lawal ya tashi sare ɗorawar gonarmu, wai tana tare wa tarakta hanya. Ran Talata ya zo da mai gatari, suka iske ni zaune a gindinta.

Ka tuna da ka zo hutu ka ce mini itace iskar da muke fitarwa yake sha, ya haɗa da hasken rana ya yi jiki? Sai na ce, "Lawal, shekara arba'in ina hira a nan. Wancan reshen gulmata ce, wannan mai kaurin kuwa minsharin ubanka ne. Su za ka ƙona, hayaƙin ya hau sama ya ƙara mana zafi?"

Mai gatari ya ce, "Hajiya, ni ba na saran minsharin mamaci." Ya saɓa abinsa ya wuce.

Lawal ya ce zai nemo wani. Don Allah ka rubuto masa, ka cika da Turanci, shi ne kaɗai abin da yake tsoro. Kafin nan kullum ina gindinta, ina ƙara mata ƙiba.

Ka sa mu a addu'a Allah ya sako ruwa. Ka gaishe mini da abokan ɗakinka.

Kakarka,
Hajiya Yalwa