Rawanin Baba Laouali

Celina,

Na fita aiki, ban so in tashe ki ba. Rawanin da ke kan kujera na maƙwabcinmu Baba Laouali ne. Jiya da ƙungiyarmu ta tattaki ta je bakin teku, ni na ce ya jira a mota, wai tsoho ba zai iya tudun yashi cikin wannan sanyi ba. Mu 'yan Jos muka tasar wa tudun kai tsaye kamar dutsen gida, yashi yana ta zamewa da mu. Gwiwata ta ƙi, iska tana yankan kunne. Shi kuwa ya biyo a karkace, sannu a hankali, yadda ya saba a Nijar. Ya iso inda na tsaya ko haki ba ya yi, ya warware rawaninsa ya naɗa mini. Ya ce, "Ba a gardama da yashi, Davou. Taka inda na taka." Haka muka kai sama.

Don Allah ki wanke shi da hannu, ban da injin wanki. Amma kada ki kai masa. Bakin nan nawa da ya ce masa ya jira a mota, shi zai je ya yi godiya.

Davou