Amsoshin Bara'atu a Gefen Takarda

Rawayya, Bungudu,
9 ga Agusta, 1998.

Zuwa ga ɗiyata Hafsatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kina lafiya ke da maigidanki da yara a can Fatakwal. Mu dai alhamdu lillahi, gero ya fara kai, Innarki kuma ta samu sauƙin ƙafa, har ta koma yi mini faɗa.

Maganar Bara'atu ce, ɗiyar yayanki Mu'azu, ta hana ni sakat. Kin san ita ke zuwa ta ɗaya a ajinsu, ajin da damina ke rufewa tun da iska ta kwashe kwanonsa. An kai su Gusau jarrabawar shiga sakandare, ta dawo tana murna, ta ce babu tambayar da ta gagare ta. Sakamako ya zo babu sunanta. Da malaminsu Hamidu ya bincika, sai ya gano ashe wata takarda aka ba su mai ƙananan gidaje, a cike gidan amsa da fensir, inji ya duba. Ita ba ta taɓa ganin irinta ba. Ta ga bai kamata ta ɓata takardar hukuma ba, sai ta bi gefe tana rubuta amsoshinta dalla-dalla. Injin kuwa bai iya karatu ba, baƙi kawai yake gani. Yaran Gusau, an ce, shekara guda suka yi suna gwada cike gidajen nan. Shi kansa Hamidu ya rantse ranar ya fara jin labarin irin wannan takarda.

Yanzu Mu'azu ya ce karatu ya ƙare, ta kama tallan ƙuli-ƙulin uwarta, gida na buƙata. Ban ga laifinsa ba, rumbunsa tun bazara ya ƙare. Da ƙyar ya yarda ta maimaita aji shida, amma sai in ya ga an samo mata takardun gwaji kafin a buɗe makaranta, saura mako huɗu. Don Allah ki nemo mana irin takardun nan da tsofaffin tambayoyi, ki ba direban da ke kawo saƙonki Tsafe. Kada ki bi ta gidan waya, saƙon zai iso ta riga ta saba da farantin talla.

Ki gaishe da maigidanki Malam Yusha'u da jikata Adama. Innarki na gaishe ku. Bara'atu ba ta san na rubuto ba, ban so ta sa rai.

Naki,
Baba Jatau