Ba Ni Tsallake Dami

Daga Saude a Nahuce, zuwa ga Yaya Sahabi a Damba. Gaisuwa da fatan alheri.

Bayan haka, Yaya, an sa mini sunan maita. Dawar garin nan ta fid da kai, amma babu tsaba, sai ƙaiƙayi. In aka matsa da farce, wani ruwa ja ke fita. Wai jini ne, wai na kama kurwar dawa. Hujjarsu, gayaunata kaɗai ta yi ƙwaya. To ni binne na yi, na shuka iri tun ruwa bai sauka ba, su suna kwance! Mai gari ya ce ran Juma'a in tuɓe in tsallake dami gaban jama'a, in mai da kurwa. Wallahi ba ni yi. A gaida iyalinka, su Hanatu. Wassalam.

*

Daga Sahabi zuwa ga ƙanwata Saude. Aminci da yarda.

Takardarki ta iso hannun fatake, na ji baƙin ciki. Amma Saude, rage kaifin baki. Mutanen da suka binne 'ya'yansu a yunwar bara waccan ba su sauraron hujja. Ki tsallake a wuce wurin. Mi zai ragu gare ki? Allah shi sanyaya. Wassalam.

*

Yaya, ina gaisuwa.

Mi zai ragu? Ka manta an ce a nono ake shan maita? Ranar da na ɗaga ƙafa bisa damin nan, ɗiyata Lami ta zama mayya, ita da duk abin da za ta haifa. Tun yanzu an hana ta taɓa guga a rijiya.

Na ɓare zangarniya da kaina. Tsutsa ce ja, ba ta kai ƙwayar gero ba, kwance inda tsaba za ta zauna. Uwarta kamar sauro take, da hantsi take bin fure. Na nuna musu, suka ce ni na aiko ta. Kai ma ka yi lattin shuka, kuma rabona da Damba tun rasuwar Inna. Shiga gonarka ka matsa. In ni ce, a zo a ɗaga ni a tsallakar, don da ƙafata ba ni zuwa. Ka huta lafiya.

*

Saude, gaisuwa.

Na matsa. Ja ne, har gonar liman. Na ji kunyarki ƙwarai. Ina tafe ran Juma'a da dami guda na gonata a kan jaki, su gani. In sun nace sai an tsallake, su fara tuɓe ni, nono ɗaya muka sha. Wassalam.