Bangon Zane

Alƙahira,
Fabrairu, 2000

Yaya Maiwada,

Assalamu alaikum. Ina gaida Inna da Ladidi da yara. Ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau nike, sai ɗan tarin da sanyin Masar ya bar mini. Kar ka gaya mata.

Wasiƙarka ta iso, kuma wallahi raina ya ɓaci. Yaya, gidan koyon zane da aikin hannu na tsara ma yaran Ƙaura, ba kotu ba! Da na rubuta "bangon zane" a taswirar ginin, katangar tsakar gida nike nufi, a shafe ta sumul, yara su zana abin da sunka ga dama da gawayi. Yanzu ka ce magina sun baza a gari wai nan za a riƙa zane yara da bulala tunda Shari'a ta zo, har iyaye sun fara janye 'ya'yansu. Kai kuma, maimakon ka yi musu bayani, sai ka ce a rushe bangon a huta!

Ba za a rushe shi ba. Don Allah ranar kasuwa ka buɗe ƙofa, ka ba 'yarka Nazifa gawayi, ta zana jirgin ƙasa kowa na gani.

Ka manta bulalar da Baba ya yi mini da na zana jirgin nan a zaurenmu? Ni an zane ni saboda zane. Na yi bangon ga ne don kada a sake.

Allah ya ƙara ma Inna lafiya.

Ƙanenka,
Misbahu