Ɗumamen da Ya Kwantar da Ofis

Maman Rahmat,

Gaisuwa mai yawa. Ya Kano, ya yara, ya ƙafar Inna? Ni lafiya lau, sai dai mijinki ya tayar da bam a unguwar Jiddari Polo.

A ofishin da nake gadi akwai akwatin lantarki na ɗumama abinci, maikirowef. Madam Phebe, akawunmu, ta ciro shinkafarta daga firiza, ta daskare kamar dutse, ta ce in ɗumama mata. Ni gwani, na juye a kwanon silba, na ɗora dafaffen ƙwai biyu, na sa a ciki, na murɗa makunnin har ƙarshe. Sai tartsatsi, sai daram!

Wallahi kowa ya kwanta a ƙasa. Ni mai gadin ne ma na riga kowa shiga ƙarƙashin tebur. Aka tashi ana dariya, ban da Madam. Ita tana ta kiran Yoila, ɗanta da ya je kasuwa ranar da bam na gaske ya tashi a can, bai dawo ba.

Kada ki damu, ba a kore ni ba. Ita ce ma ta roƙa mini. Yau kwana uku ina zuwa ƙofarta in ba ta haƙuri, bakin nan nawa da kika ce ba ya rufuwa ya ƙi buɗuwa. Ki taya ni da addu'a, gobe zan sake gwadawa.

Naki,
Ba'ana